Koken Tsofaffin Ma'aikatan Masaƙu, Marina da Manoman Auduga ga Mai Martaba Sarki

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nasara.

Mu talakawanka ne. Mun kawo kuka kan yadda buɗe ƙofar shigo da kayan waje ya raba jama'arka gida biyu: 'yan tsiraru sun ƙara kuɗancewa, sauran kuma ko na cefane da ƙyar.

Ranka ya daɗe, abin ya faro ne a 1986, da aka kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP aka rushe hukumar sayen auduga, manomi ya rasa tabbacin farashi. A 1995 Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, a 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Da aka cire ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe ke fitarwa a 2005, sai atamfar Chaina ta cika kasuwa. Masaƙun Bompai da Sharada da Challawa na nan Kano, da ke ƙona dizal saboda ƙarancin wuta, suka kasa gogayya, aka dinga rufe su ɗaya bayan ɗaya.

Ba ma musun cewa atamfa ta yi sauƙi, mai ƙaramin ƙarfi ma yana haɗa lefe. Amma wa ya kwashi ribar? Mai jarin cika kwantena, wanda yake samun dala. Shi kuwa mutumin da ya yi ƙuruciyarsa a gaban injin saƙa, yau dako yake yi a Kantin Kwari, ɗauke da dilar yadin da ya raba shi da aikinsa. Arhar kaya ba ta tsinana wa wanda ba shi da albashi komai.

Ga shi Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka a Yamai a 2019, ƙofar za ta ƙara buɗewa.

Roƙonmu, Mai Martaba ya isar wa gwamnati cewa a ware wa yankunan masana'antu tsayayyiyar wuta, wannan shi ne gaba da komai. A kawo ingantaccen irin auduga kafin damina, a kuma tsaurara kan masu fasa-ƙwauri da masu kwaikwayon zanen atamfarmu. Muna kuma roƙon fada ta gayyaci wakilanmu da 'yan kasuwa masu shigo da yadi, a zauna a gaban Sarki kan yadda za su zuba wani kaso na jarinsu a saƙar gida.

Allah ya taimaki Sarki.

Talakawanka masu biyayya.