Shaguna na cinye gidajen zama a Fagge

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu kan halin da unguwarmu ta Fagge, a birnin Kano, take ciki.

Ba na cikin masu ganin ciniki baƙo ne a Fagge, domin ciniki ne ya kafa ta. Tun kafin zuwan Turawa nan ne zangon Azbinawa da sauran fataken hamada, waɗanda kan sauke kantun gishirin Bilma a bayan badala, su hutar da raƙumansu kafin su shiga Kasuwar Kurmi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, harkar gyaɗa ta buɗe, sai Kwarori 'yan Siriya da Labanan suka sami wuri a Fagge ta Kudu, suka gina kantuna a gaba, iyalansu kuma suna zaune a baya ko a saman bene, kuma daga nan Kantin Kwari ya samo tushe. Bayan dokar 1972 da ta mayar da wasu harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa, yaran kanti da dillalan da suka koyi sana'ar a wurinsu suka riƙa karɓar shagunan ɗaya bayan ɗaya. Ko Wapa, wadda yau duk mai neman dala ko riyal ya san hanyarta, daga gidan silima ta gaji sunanta.

Abin da ya bambanta da dā shi ne, a wancan lokaci mai ciniki yana kwana inda yake ciniki. Tela yana da kekensa a zauren gidansu, mai masauki yana ajiye baƙon fatake da kayansa a ɗakin soro, ya ciyar da shi, ya nemo masa mai saye, ya karɓi la'adarsa. Yanzu kuwa da zarar maigida ya rasu, tun ba a yi sadakar arba'in ba dillalai sun fara zarya. Ban ga laifin magada ba, domin gida ɗaya ba ya rabuwa tsakanin mutum goma sha, kuɗin da ake tayawa kuma ya isa kowa ya sayi fili a bayan gari. Sai a rushe, a tayar da bene hawa uku, ƙasa shaguna, sama sito da ake jibge dilolin atamfa da leshi da shadda, yawancinsu daga ƙasar Sin, tunda masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa sun daɗe da yin shiru.

Duk mai son ganin sakamakon wannan ya shiga layinmu sau biyu a rana. Da azahar masallacin layin ba ya ɗaukar jama'a, har sai an shimfiɗa kwalaye a kan titi, 'yan dako da masu kura suna jiran a sallame su wuce. Da asuba kuwa da ƙyar ake cika sahu guda, rabinsa ma masu gadi ne. Makarantar allon da muka yi karatu ta tashi, saboda babu yaran da za su zo.

Akwai kuma batun magudanan ruwa. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a damunar 2022 ta lalata dukiya mai yawa, kuma 'yan kasuwa da kansu sun ɗora alhakin a kan gine-ginen da aka yi bisa hanyoyin ruwa. Ya kamata hukumar tsara birane ta daina ba da izinin mayar da gida kasuwa sai an nuna inda ruwa zai bi da inda mota za ta sauke kaya.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka turo wakilinka ya zauna da dattawan da suka rage, tsofaffin teloli da 'yan canji da waɗanda suka yi yaron kanti a wurin Kwarori, ya rubuta wane kanti ne a wane layi, kuma wa ya gaje shi. Da yawansu sun koma Rijiyar Lemo da Kurna da Bachirawa, amma masu unguwanni sun san inda kowa yake, kuma ni ma a shirye nake in yi masa rakiya.

Wassalam.

Naka,
Wani mazaunin Fagge, Kano