Ruwan ƙirjin kawuna

Assalamu alaikum Edita. Kawuna ne ƙirjinsa ya tara ruwa har numfashi ke gagararsa, likitoci suka soka allura ta tsakanin haƙarƙari suka zuƙo ruwa kamar shayi, a madubin likita aka ga ƙwayoyin cutar kansa amma wace iri ce aka kasa ganewa. Sai da aka kai ƙwayoyin wurin na'urar ilektaron, wato madubin da ya fi na likita ƙara girman abu, irin wadda Ernst Ruska da Max Knoll suka fara ƙerawa a Jamus a 1931, nan aka hango dogayen siraran gashi a jikin ƙwayoyin, likita yace kansar tantanin huhu ce wadda ƙurar asbestos, wani ma'adini da ake haɗawa a kayan gini, ke kawowa, kawu kuwa shekara ashirin yana aikin gini. Sati biyu muna zaman jiran sakamako wallahi.

Naku mai karatu, Jidda