Rahoton Ayyukan Shekara: Huɗubobin Girkanci Cikin Littattafan Latin

'Yan uwa mambobi, bana ƙarfin ƙungiya ya tafi ne kan huɗubobin Yohanna Kirisostom, bishop na Konstantinoful mai wa'azi da Girkanci, wanda ya rasu a 407, da yadda suka shiga littattafan hannu na Latin zuwa ƙarni na 9.

Mun fara da fassarorin da aka san masu su. Aniyanus na Seleda ya fassara huɗubobi 25 na farko kan Matiyu wajen 420, da guda 7 na yabon Bulus. Mutiyanus kuma ya fassara 34 kan Ibraniyawa a ƙarni na 6, bisa umarnin Kasiyodorus, malami ɗan Italiya. Waɗannan ba su wahalar da mu ba.

Inda muka sha fama shi ne tarin huɗubobi 38 da Andre Wilmart ya tantance a 1918. Duka suna yawo da sunan Yohanna, alhali wasu ne kawai nasa. Wasu fassarar wa'azin wasu Girkawa ne, wasu kuma da Latin aka rubuta su tun asali. Don haka kwamitin kwatance ya daina dogara da sunan da ke kan huɗuba. Yanzu ana rubuta kalmomin farko da na ƙarshe, da lambar warƙa, da irin rubutun, sannan a nemo lambarta a Clavis Patrum Graecorum, kundin jerin rubuce-rubucen iyayen ikilisiya na Girkanci, kafin a ɗora ta kan matanin Girkanci.

Kalmomin farko ma sukan yaudari mutum. Masu haɗa littattafan wa'azi na zagayowar shekara, irin na Bulus Dikon a zamanin Sarki Sharlaman, sukan datse huɗuba don ta dace da karatun ibadar dare. Sai an bi tsakiyarta. Idan layi ya ɓace, a fara duba ko kalma ɗaya ce ta maimaitu a wuri biyu, idon mai kwafi ya tsallake, kafin a zargi mai fassara.

Mun kuma kammala karatun huɗubar sababbin masu baftisma, wadda Agustin, bishop na Hippo, ya kafa hujja da ita a kan abokin jayayyarsa Yuliyanus. Girkancinta na cikin littafin hannu da Antoine Wenger ya gano a 1955 a Dutsen Atos, ƙasar Girka.

Baɗi za mu koma kan fassarorin Rufinus: huɗubobi 8 na Basil da 9 na Giregori na Naziyanzus. Muna neman masu iya karanta rubutun Karolin, wato salon rubutun hannu na zamanin Sharlaman.