A Riƙa Auna Aidin Ɗin Gishirin Kasuwannin Ƙauye

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin hukumomin lafiya na Jihar Jigawa kan gishirin da ake aunarwa a kasuwanninmu na karkara, irin su Gujungu da Maigatari. Tun 1993 aka wajabta zuba sinadarin aidin a gishirin ci a Nijeriya, domin rashinsa ne ke kawo maƙoƙo, kuma yakan dakushe basirar yaro tun yana cikin mahaifiyarsa. Ƙa'idar ita ce kowane kilo na gishiri ya fito daga masana'anta da miligiram 50 na aidin, kada kuma ya gaza 15 idan ya isa madafa. To amma gishirin da aka farke buhunsa aka tula a faifai, rana ta doke shi, danshin damina ya shige shi, ba lalle ba ne ya kai gida da abin da ya fito da shi, balle mangul da balma waɗanda tun asali ba a zuba musu komai ba.

Ma'aikata sukan zo da ɗan ruwan gwaji su ɗiga a kan gishiri, idan ya yi shuɗi su ce akwai aidin. Wannan ya nuna akwai, amma bai faɗi ko nawa ba ne, kuma adadin ne ke raba gishiri mai amfani da maras amfani. Awon gaskiya sai a ɗakin gwaji, ta hanyar haɗa gishirin da wasu sinadarai. Ana narkar da giram 10 na gishiri a mililita 50 na tataccen ruwa, a zuba ɗan asid da wani sinadari mai suna fotashiyam ayodaid, a toshe kwalbar a ajiye ta cikin duhu minti goma. A nan ne aidin ɗin da ke ɓoye a gishirin yake fitowa fili, ruwan ya koma rawaya. Daga nan sai a riƙa ɗiga ruwan wani sinadari mai suna sodiyam tayosalfet daga bututun gilashi mai zanen awo, ana kaɗa kwalbar, har rawayar ta kusa gushewa, sannan a sa ruwan sitaci, nan take ya rikiɗe shuɗi mai duhu. A ci gaba da ɗigawa a hankali har ɗigon da zai mayar da ruwan garau, kuma yawan abin da bututun ya sauke shi ne ke faɗin adadin aidin, domin a ƙarfin tayosalfet da aka saba haɗawa, kowace mililita tana daidai da kusan miligiram 10.6 na aidin a kilon gishiri. Wanda ya yi gaggawar zuba sitaci tun ruwan na rawaya sosai, lissafinsa zai karkace.

A ganina wannan aiki bai fi ƙarfin jiharmu ba, tunda ba ya buƙatar na'ura mai tsada ko wutar lantarki. Ɗaliban kimiyya na Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa za su iya yin sa. Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta haɗa kai da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a riƙa ɗebo gishiri daga faifan 'yan tireda ranar kasuwa, da rani da kuma tsakiyar damina, a auna, a sanar da sakamakon a rediyo da sunan kowace kasuwa.

Wassalam.

Wani malamin kimiyya,
Ƙaramar Hukumar Taura, Jihar Jigawa.