Zuwa ga Habibu, kan gidan da tsoho zai iya zama a ciki

Ɗana Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa daga Garwa, nan arewacin Kamaru, na ji ka tsayar da shawarar yin bincikenka a kan gidajen tsofaffi. Madalla. Sai dai kafin ka zana layi ɗaya a kwamfuta, ɗauki abin awo ka bi dattijo daga shimfiɗarsa zuwa banɗaki da asuba. A wannan 'yar tafiyar ake yawan faɗuwa.

Fara da dokin ƙofa. Magina na ɗaga shi don ruwan damina, ƙafar tsoho kuwa ja take yi. Kada ya wuce santimita 2, ruwan a kore shi da gangaren tsakar gida. Ƙofa ta kai faɗin santimita 90 don keken marasa lafiya. Inda ake ɗaga gini saboda ambaliya, irin su Yagwa da Kusiri, duk santimita 1 na tsayi yana son 12 na gangare: dakali mai rabin mita, gangaren mita 6 ke nan. Birkila zai so gajarce shi don tsimin siminti. Kada ka yarda.

Banɗaki ya fi ko'ina haɗari. Gwiwar da ta tsufa tana tsugunawa, tashin ne ke gagarar ta. A yi mazauni mai tsayin santimita 45 zuwa 48, da ƙarfen dafawa a wajen santimita 80, a kafa shi cikin kankare, domin tubalin laka sakinsa yake yi. Tayil mai sheƙi idan ya haɗu da ruwan buta, santsi ne kawai. Daɓen siminti mai kaushi ya fi. Ƙofar kuma ta buɗe waje, saboda wanda ya faɗi a ciki jikinsa ne zai tokare ta.

Batun tarihi, je Fus a bakin kogin Logon ka auna ɗakunan laka na ƙabilar Musgum da kanka. Katangarsu kauri gare ta a ƙasa, tana sirancewa sama, ga kafa a ƙoli da iska mai zafi ke fita. Ka gwada su da ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu, lokacin da zafin Marwa ke haura digiri 40, alhali tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri. Amma ka tambayi masu gidan dalilin komawarsu bulo. Yaɓen shekara-shekara ba aikin mai shekara 70 ba ne, samarin kuwa sun tafi birni. Wannan ma ya shiga rubutunka.

Kada ka kai ɗakin tsohuwa can ƙurya da sunan hutu. Tagarta ta kalli tsakar gida, a sauke ta zuwa santimita 60, yadda tana zaune za ta ga jikoki da mai shigowa daga zaure.

Mahaifiyarka na gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka