Janye soja daga fagen yaƙi: hanya ce ke sa rana

Malam Edita, assalamu alaikum.

A majalisun shayi na Maraɗi gardamar janye sojoji daga yaƙin ƙetare ba ta wuce "a janye" ko "kar a janye". A ganina sa rana tun ba a auna kaya da hanya ba shi ne babban kuskure.

Janyewa tana da tsari. Fararen hula, tafintoci da majinyata su ake fara kwashewa. Daga nan manyan kaya da harsasai, abin da ba ya ɗaukuwa a lalata shi. Ƙananan sansanoni su rufe su koma babba, filin jirgi kuwa shi ne na ƙarshe. A Afghanistan, Amurka ta bar babban sansanin jiragen sama na Bagram a farkon Yulin 2021, da Kabul ta faɗa hannun Taliban ranar 15 ga Agusta sai aikin kwashe mutane ya koma filin jirgi guda a cikin gari. Harin da aka kai filin jirgin ranar 26 ga wata ya kashe sojojin Amurka 13.

Na Mali ya fi kusa da mu. Ayarin MINUSMA, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya bar Kidal a ƙarshen Oktoban 2023, motoci sama da ɗari, ba rakiyar jirgin sama. Kilomita kusan 350 ne zuwa Gao, amma sai da suka yi mako guda suna taka nakiyoyi. Mota ɗaya ta tsaya, duk na bayanta sun tsaya. Balle a ce damina ce, laka ta riƙe tayoyin manyan motoci.

Wassalam,
Mai karatu daga Maraɗi