A ƙirga motocin Epe tun kafin ta zama Apapa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan garin Epe da yankin Ibeju-Lekki na jihar Legas. Sana'ata tuƙin babbar mota ce, a Agege nake zaune, kuma abin da ni da abokan aikina muke gani a hanyar Lekki zuwa Epe yana ɗaga mana hankali.

A watan Janairun 2023 aka ƙaddamar da sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki, a watan Mayu na shekarar kuma aka ƙaddamar da matatar man Dangote, wadda aka gina domin tace ganga 650,000 a rana. Arziki ne babba, mun gode wa Allah. Amma kwantena ba ta tafiya da ƙafarta, man fetur ma haka. Tirela da tanka ne za su kwashe su, kuma wadda ta nufi Arewa ko Gabas, hanyar da ta fi mata sauƙi ita ce ta bi ta Epe ta faɗa Ijebu-Ode. Epe kuwa ƙaramin gari ne na masunta da 'yan kasuwar kifi, ba don irin wannan lodi aka shimfiɗa titunansa ba.

Duk wanda ya yi aiki a Apapa, inda tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Legas take, ya san inda irin wannan lamari yake kaiwa. An bar tasha tana bunƙasa ba a tanadi wurin ajiye motoci ba, sai gadar Ijora ta koma gareji. Direba ya kwana a kan gada, yaron mota ya kunna risho a gindin taya yana dafa shinkafa, ruwan alwala sai an saya a jarka, ban ɗaki kuwa ba a magana. Mazauna unguwa suna tsine mana, alhali mu ma ba da son ranmu muke wurin ba. Sai a 2021 hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa ta kawo tsarin kiran mota ta intanet, bayan mutane sun sha wuya shekara da shekaru.

Abin da nake nema shi ne a yi lissafi tun yanzu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu tsara sufuri sun san aikin: a zauna a mahaɗar hanyoyi a ƙirga abin da ke wucewa awa bayan awa, a tsayar da mutane a tambaye su daga ina suka fito, ina za su, sannan a ɗora yawan gidaje da masana'antun da aka riga aka ba wa izini, a hango motocin da za su bi hanyar nan da shekara 10 ko 20. Legas tana da hukumar da aka kafa domin haka, LAMATA, wadda ta kawo motocin BRT, wato manyan bas-bas masu keɓaɓɓen layi a titi, daga Mile 12 zuwa CMS a 2008, ta kuma kawo jirgin ƙasan da yake tsaya mana a Agege yanzu. Ba a rasa masana ba.

Sai dai ƙirgen da za a yi da rana kaɗai zai ruɗi mai yinsa. Manyan motoci da dare suka fi motsi, wasu sai bayan sallar Asuba. Tirela ɗaya tana cin wurin ƙananan motoci da yawa, in ta lalace a tsakiyar titi kuwa, komai ya tsaya ke nan. Ga damina, lokacin da ruwa ke kwanciya a hanya. Ga makonnin da ke gaban Babbar Sallah, da motocin raguna ke kwararowa daga Arewa. A kuma ƙirga masu Keke Napep da 'yan acaba da matan da ke tsallaka titi da kwandon kifi a ka, domin su ne suka fi shiga haɗari idan aka faɗaɗa titi ba a yi musu gadar tsallakawa ba.

Faɗaɗa titi ma shi kaɗai ba ya magani. Mun ga hanyar Lekki zuwa Ajah: aka gyara, aka yi ta gine-gine a gefenta, gosulo ya dawo. Epe tana bukatar hanyar da za ta zagaye gari, da garejin manyan motoci mai ruwa da ban ɗaki da masallaci, a keɓe filinsa yau kafin 'yan filaye su yanka shi fuloti-fuloti. A kuma hanzarta maganar layin dogo zuwa tashar Lekki, domin jirgi ɗaya yana ɗaukar lodin motoci masu yawa.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin direbobi da sarakunan Hausawa na Legas, su nemi a ba mu kujera duk ranar da za a zauna taron tsara wannan hanya. Mun san kwanar da mota ke kifewa da awar da layi ke fara taruwa, kuma a shirye muke mu faɗa.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Naka,
wani direban babbar mota,
Agege, Legas.